Ciyawar filin ƙwallo

"Tsoho, aje ciyawar nan!" in ji gardi, mai gadin jami'a. Ni kuwa na riga na cika babbar rigata da ita.

Jikata Hadiza ce ta kai ni in ga inda take karatu a Tawa. Ta nuna mini ɗakin littattafai, da wani aji da ya fi masallacinmu na Affala faɗi. Na ce madalla. Muna isa filin ƙwallo, sai na ga an nome ciyawar damina an tara, wani yana neman ashana ya ƙone ta.

Hadiza ta rufe fuska. "Kaka, ƙawayena suna kallo!"

Na ce, "Su kalla, amarya. Kallo ba ya cika cikin dabba."

Gardi ya ce doka ce, ba a fita da komai daga makaranta.

Na ce, "Ɗana, shekarar fari, zamanin soja, nan daji ne. Nan muka sauka neman kiwo, na yaye bunun bukkata na ba saniyata ta ƙarshe, ta ci, ta mutu. In ciyawa ba ta fita, ni ma ba na fita." Na zauna bisa tarin.

Gardi ya ce, "Baba, mu ma a Tebaram haka mahaifina ya yi." Ya tafi, na ɗauka babbansu zai kira. Sai ga shi da buhu biyu.

Kwana uku ragona yana cin ciyawar jami'a, har yau bai iya Faransanci ba.

Ku da kuka ga wannan fari, me ne har yanzu ba ku iya gani ana zubarwa?