Tsohuwar da Ke Hawa Ƙeya

Har yau in na ji ƙaurin man gyaɗa a kan wuta, ƙeyata nake fara shafawa. Iya ce ta bar mini wannan gado, ita da wata tatsuniyarta guda da ba ta taɓa ba ni dariya ba.

A Dutse Alhaji muka tashi, a gidan haya, tun unguwar ba ta cika ta batse haka ba. Babana tela ne. Daga ƙauyenmu ya zo Abuja da kan keken ɗinki a kafaɗa, yana bin layi layi yana kaɗa almakashi, har Allah ya ba shi ɗan shago a jikin gidan da muke. Iya mahaifiyarsa ce. Bayan rasuwar kakanmu ya ɗauko ta, ta ce ita ba ta zo birni don ta naɗe hannu ba, ta kafa murhu a ƙofar gida tana suyar awara da yamma. Tsakanin murhunta da ƙofar shagon Baba bai fi taku biyar ba.

Sai dai taku biyar ɗin nan tafiya ce mai nisa, domin Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune yana jin ta za ta ce da ni, “Rabi, je ki gaya wa mai keken nan tuwonsa na hucewa.” Ni kuma in tashi in yi taku biyar in maimaita. A lokacin ina ganin wahalar da ni kawai suke yi.

In an idar da magariba, awara ta ƙare, wuta ta koma garwashi, sai mu kewaye ta, ni da ƙannena da yaran maƙwabta. Amma Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai an biya ta da wuya.

“Ku miƙe bayanku, kun zauna kamar buhunan gero,” in ji ta. “A gaida mutanen dama.”

Mu juya kai dama a hankali har haɓa ta kusa kafaɗa.

“A gaida mutanen hagu. A dubi masu sama. A dubi masu ƙasa. To, kunne ya kai wa kafaɗa gulma, wannan, sannan wancan. A hankali, kai! Ba dambe na ce ka yi da wuyanka ba.”

Sau uku-uku muke yi, tana yi tare da mu. Tsohuwa ce da ta yi rayuwarta da tulu da damin itace a ka, amma wuyanta kamar na budurwa. Tana cewa tun tana yarinya, in sun sauke kaya, uwarta ba ta barin su sha ruwa sai sun warware wuya. Mu dai wasa muka ɗauke shi, muna yi muna ƙyalƙyala dariya, ƙarar keken Baba na tashi a bayanmu.

Wata ranar damina aka ɗauke wuta tun la'asar. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsu ya tsaya, bai zubo ba, bai wuce ba. Gari ya yi tsit. Sallah ta matso, Baba ya kunna fitila ya duƙufa a kan wani kaftani, kansa a sunkuye kamar kullum. Innarmu ta leƙo ta kira shi, sai ya amsa bai ɗago ba. Na ga Iya ta saci kallonsa, ta daɗe, sannan ta tura itace cikin wuta. Ranar ba ta yi mana zolaya ba. Da muka gama gaida dama da hagu sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga ta nan ta iso, amma yau ba mai daɗi ba ce. Kuna so?”

“Ta zo mu ji ta!”

Ta ce akwai wata tsohuwa ana kiranta Ƙage. Ba ta da gida, ba ta da gari. Duk ranar da aka haifi mutum, ita ma ranar take tasowa daga nesa ta kama bin bayansa. Ba ta gudu, ba ta sauri, kowace shekara taku ɗaya take ƙarawa. Ba ta da nauyi, ba ta da inuwa. Abu ɗaya ta tsana a duniya, a waiwayo a dube ta. Duk sanda ka juya wuya, sai ta ja da baya. Wanda kuwa ya daina waiwaye, sai ta matso, ta matso, ta dafa kafaɗarsa, wata rana ta haye ƙeyarsa ta harɗe ƙafafu ta zauna.

“Iya, tana cizo?” in ji ƙanwata.

“Ina ma tana cizo, ai da an san ta zo. Zama kawai take yi.”

Ta ce a wani gari an yi wani masaƙi, ba a taɓa gwani irinsa ba. Zarensa a miƙe gabansa, idonsa a kan zare tun fitowar rana har faɗuwarta. In an yi sallama ya amsa bai juyo ba. In an kawo abinci ya miƙa hannu ta baya. Mutumin kirki ne, don iyalinsa yake yi, ba mai zaginsa. Yana da 'ya guda, ƙarama, kullum tana zaune a bayansa da ɗan kwanonta tana wasa da tsakuwa. Shekara ta bi shekara, Ƙage ta iso ta hau, shi bai sani ba, don ba ya neman komai a dama ko a hagu balle ya ji wuyan ya ƙi.

Ran nan da yamma, mutane sun tafi gona, sai yarinyar ta ce, “Baba, ga wani kare.” Ya ce, “To.” Can ta ce, “Baba, karen nan bayansa a zube yake.” Ya ce, “Ina zuwa, bari in kai ƙarshen layin nan.” Can kuma ta ce, a hankali, “Baba, yana kallona.”

A nan Iya ta tsaya ta gyara itace a murhu. Ban san sanda na riƙe zanenta ba. Abin da na tuna shi ne, keken Baba ma ya tsaya.

Ta ce sai a lokacin gaban masaƙi ya faɗi, ya san kura ce. Ya yunƙura zai waiwaya, wuya ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya ji kamar an kafe shi da turke. Dole sai da ya zare ƙafafunsa daga masaƙa, ya ture zare, ya miƙe, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar ana juya jirgin ruwa. Kafin ya gama juyowa, babu kura, babu yarinya. Sai ɗan kwanon nan yana ta juyi a ƙasa, bai ma gama tsayawa ba.

“Ƙurunƙus,” in ji Iya. “Yau ko kan ɓeran ba na rabawa.”

Ba wanda ya motsa. Ni dai ji nake kamar akwai wani abu a tsaye daidai bayana, ina son in duba, ina tsoron abin da zan gani. Sai muka ji muryar Baba daga shago, yana 'yar dariya.

“Rabi, tambayi Iya, masaƙin da ya bar kallon zarensa, me 'ya'yansa za su ci?”

Iya ba ta dubi wajen ba. Ta tona garwashi ta ce, “Gaya wa mai tambaya, ba a ce ya bar saƙa ba. Cewa aka yi ya riƙa waiwaye.”

Na tashi zan kai saƙo, Baba ya ce in zauna, ya ji. Keke ya ci gaba da ƙara. Daren nan da bango na haɗa bayana na yi barci, kuma sai da na girma na gane tatsuniyar ba tamu ba ce. Mu 'yan aike ne kawai, kamar yadda muka saba.

Iya ta rasu da tsufa tukuf, haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, amma har makonta na ƙarshe in an taɓa ƙofa kai take juyawa ta ga mai shigowa. Baba kuwa ya ci gaba da ɗinki. Da keken nan ya yi mana karatu, har na samu aiki a wata ma'aikata, na yi aure, na koma Jikwoyi. Ba zan taɓa raina sunkuyon nan nasa ba, shi muka ci muka girma.

A salla na fara gani. Wata Juma'a na je gida ya ja mu la'asar, da ya zo sallama sai na ga ba kansa ya juya ba. Kafaɗunsa da ƙirjinsa ne suka tafi dama gaba ɗaya, sannan suka dawo suka tafi hagu, kan yana bin su kamar an ɗinke shi a jiki. Na ce a raina, ta hau. Amma ban ce masa komai ba. Yaya zan dubi ubana in ce masa ya gaida mutanen dama? Kunyar da na yi wa Iya dariya a kanta, ashe ni ma na sha ta. Ita ko ba komai ta nemi hanya ta faɗa. Ni shiru na yi, shekara uku, kuma wannan shirun har yau yana cina.

A lokacin ni da ƙannena mun haɗa hannu mun saya masa 'yar tsohuwar mota, don ya huta da hawan babur. Yana ji da ita kamar me. In zai yi ribas madubi kawai yake duba, in an yi magana ya ce, “Madubi ai aikinsa ke nan, ba ado ba ne.”

Ranar Asabar ce, da hantsi. Na kawo masa 'yata Hanifa, tana da shekara biyu, ta wuni. Ina tsakar gida ina wanke mata riga, ita kuma na ba ta ɗan kwanon roba da gyaɗa a ciki. Baba ya fita zai je Dei-Dei sayen kwanon rufi. Na ji ya tayar da mota. Na ɗago na duba inda yarinya take, babu ita. Ƙofar gida a buɗe.

Ban san yadda na kai ƙofar ba. Tana tsugune daidai bayan motar tana tsince gyaɗar da ta zube, inda madubi ba ya kaiwa, mota kuma ta fara tahowa. Na ƙwalla ƙara, “Baba!” Ta gilashi na gan shi ya ji ni, na ga ya yunƙura zai waiwayo, na ga wuyan ya ƙi. Bai san ta ina abin yake ba, bai san me zai duba ba. Allah ne ya sa ƙafarsa ta sami birki. Na fizge ta na faɗi zaune da ita a ƙirjina. Tayar baya tana kan kwanon, ya fashe gida biyu.

Baba ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafafu, ya miƙe, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ya dube mu, ya dubi kwanon. Ya daɗe a kan kwanon. Wani mai shago da ba Bahaushe ba ya rugo yana cewa, “Oga, Allah ya kiyaye, ba abin da ya same shi, yarinya yana lafiya!” Baba bai ji shi ba. Ya zauna a dakalin da murhun Iya yake a da, ya miƙo mini makullin motar.

“Rabi,” ya ce, “ashe da ni Iya take.”

Na ce, “Na sani, Baba.”

“Kin sani?”

Sai na fashe da kuka.

Mun kai shi asibiti. Likitar gashin ƙashi ta duba shi, ta ce tsufa ne da shekarun sunkuyo, ta ce wani abin zai dawo, wani ya tafi ke nan. Ta gargaɗe shi kada ya fizga, kada ya yi dole, in ya ji jiri ko hannu ya mutu ya tsaya ya dawo wurinta. Sannan ta nuna masa abin da zai riƙa yi safe da yamma, zaune, a hankali: dama, hagu, sama kaɗan, ƙasa, kunne zuwa kafaɗa. Ina tsaye ina kallonta da farar rigarta, kunnena kuwa muryar mai awara yake ji.

Da ina yarinya na ɗauka kura ce abin tsoro a tatsuniyar nan. Yanzu na san kura sau ɗaya take zuwa, wataƙila ma ba ta zo ba. Wadda ke zuwa wa kowa ita ce mai taku ɗaya a shekara, kuma ba malalata take kamawa ba, masu aiki take so. Ina jin ta a ofis in na wuni a gaban kwamfuta, ina jin ta a mota in na sunkuya a kan waya tun daga Nyanya har gida. Takan dafa kafaɗata da sanyin hannunta. Sai in ajiye abin da nake yi in gaida mutanen dama, abokan aiki na yi mini dariya, su yi ta yi.

Baba bai sake tuƙi ba. Mako guda bayan asibiti na je da Hanifa da yamma na same shi a kan dakalin nan, takardar motsa wuya da likita ta ba shi a hannunsa, ya juya ta sama a ƙasa. Ya ce ba ya gane zanen. Sannan ya tambaye ni, bai dube ni ba.

“Iya da wanne take farawa?”

Na ce, “Da dama, Baba.”

Na ɗauko Hanifa na zaunar da ita a damansa, can baya kaɗan, daidai inda sai ya nema. Ya miƙe bayansa, ya riƙe kafaɗunsa kada su bi shi. Haɓarsa ta fara tafiya a hankali, ta tsaya, ta ƙara kaɗan, ta sake tsayawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

“Ban gan ta ba tukuna,” ya ce. “Kada ki matso da ita. Bar ta a nan.”