Rana a Farantin Inna

Ranar wata Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, a tsakiyar daminar da nake aji huɗu na firamare. Kawu Sale, yayan Innata, ya iso gidanmu na Sabon Garin Wudil daga ƙauyensu Utai da dammin zogale a bayan kekensa, ya sauke a tsakar gida. Inna ta sunkuya tana kwance igiya, sai ga wata aba koriya shar ta fito daga cikin ganye tana taku ɗai-ɗai, ido ɗaya na kallon Inna, ɗayan na kallon sama. Salatin da Inna ta rafka sai da awakinmu suka watse. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta rarumi taɓarya, tana rantsuwa cewa in yawun hawainiya ya taɓa mutum, fatarsa dabbare-dabbare za ta yi har ƙarshen rayuwarsa. Kawu dai ya sa kara ya ɗauke ta, ya yi zaure yana dariya. Ni kuwa ta wata 'yar kafa a jikin taga na kalli abin, don a lokacin ba na taka tsakar gida sai in zan zaga bayi.

Da ciwon sikila aka haife ni. Yayana ma da shi aka haife shi, kuma ruwan sama ne ya dake shi a hanyar makaranta, ciwon ya tashi, bai ƙara tashi daga kwanciyar ba. Tun daga nan Inna ta ƙulla gaba da damina. Hadarin farko na haɗuwa take cire ni daga makaranta, ta jibga mini rigar sanyi da safa, ta toshe tagar ɗakina da kwali, ta saki labule mai kauri a ƙofa. An hana ni wanke-wanke, an hana ni shara, ko guga ba na taɓawa. Da safe ina jin 'yan ajinmu suna wucewa ta bayan katanga da tsintsiyoyinsu, suna musu a kan wanda zai share gindin darbejiya. Da yamma in ji tafin 'yan gaɗa a dandali, in gane muryar kowace yarinya. Ni kaɗai nake carafkena a kan tabarma, in ci kaina, in cinye kaina. Ina son Inna, amma a watannin nan haushinta nake ji ƙwarai, kuma ba ni da bakin faɗa, don na sha ganin ta tana shafa tsohuwar rigar makarantar yayana.

A wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, Inna ta leƙa maƙwabta, sai Kawu ya ɗaga labulena. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Yana riƙe da wani tsohon kejin kanari babba da ya samo a kasuwa, ga hawainiyar a ciki ta maƙale a jikin kara. "Uwata, ga 'yar ɗaki na kawo miki," in ji shi. "Ba ta cizo, ba ta tofi. Amma in Innarki ta gani, ni ban san zancen ba." Muka tura kejin bayan akwatin kaya, muka yafa masa tsohon zani.

Abinci bai ba ni wahala ba. Ɓawon mangwaro na ajiye a cikin kejin, ƙudaje suka yi ta kawo kansu, Kawu kuma yana zuwa mini da fara a leda. Ruwa ne ya gagara. Na zuba mata a murfin kwalba, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da na yayyafa wa reshen zogale ruwa na ga ta matso tana lasar ɗigon da ke jikin ganye. Ashe a ganye take sha, reshen da aka yanko kuwa kafin a kwana biyu ya yi yaushi ya zube. Dole sai shuka mai rai. Nan fa muka shiga zaɓe ni da Kawu, duk Juma'a ya zo da wani abu a gwangwanin tumatir. Na ce ya kawo mini tumfafiya don faɗin ganyenta, ya girgiza kai. "Duk abin da za ki karya ya yi farin nono, kada ya shiga kejin nan." Lalle ma muka ƙi shi saboda ƙaya. Zogale ya kama, sai dai ganyensa ƙanana ne, ba ya ɓoye ta, ita kuwa halitta ce mai son sirri. Daga ƙarshe muka tsaya a kan yakuwa don ta samu reshen takawa, da yaɗon dankali wanda ya bi sandunan kejin ya yi mata rumfa. Ranar da na ga ta shige cikin ganyen ta ɓace mini, na yi murnar da na daɗe ban yi irinta ba.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Ɗakina duhu ne ko da tsakar rana, ni kuma a wautata na ɗauka haske duk haske ne. Akwai fitilar caji da Inna take bar mini, sai na riƙa kifa ta a saman kejin har cajin ya ƙare. Yakuwar ta yi ta tsawo ba ƙwari, siririya kamar tsinken tsintsiya. Ganyen dankalin ya koma ruwan ɗorawa. Dukkansu suka karkace wuri guda, suna miƙa wuya wajen 'yar kafar nan ta jikin kwali da nake leƙe. Hawainiyar ta yi baƙi-baƙi, ta daina harbin ƙuda, tana wuni ido a rufe, haƙarƙarinta a waje. Da Kawu ya gani bai yi dariyar da ya saba ba. "Fitila ba rana ba ce, Uwata. In ba ta sha hantsi ba, ba za ta kai Juma'a mai zuwa ba. Ko in mayar da ita gona?" Na ce a'a, na fashe da kuka. In ta tafi, ni da bango za a bari.

Washegari na lura da cewa da hantsi rana tana sauka daidai dokin ƙofata, ta tsaya a nan ba ta shigowa. A kabet ɗin Inna akwai wani babban farantin silba na kayan jerenta, wanda ba a taɓa cin abinci a kai ba, sai dai a goge a mayar. Da ta shiga madafa na lallaɓa na ɗauko shi, na jingina shi da dutsen guga a bakin ƙofa, na ɗan ɗage gefen labule, na yi ta juya shi har haske ya faɗa cikin kejin. Ban taɓa ganin hawainiyar ta yi sauri ba sai ran nan. Ta hau reshen yakuwa, ta baje jikinta, ta juya wa hasken gefe guda. Sai dai rana ba ta zama wuri ɗaya, dole in yi ta gyara farantin, kuma a wajen gyaran ne hasken ya kuɓuce mini ya dalle idon Inna tana tsaka da tankaɗe.

Ta shigo da garinta a hannu. Ta ga farantin aurenta a ƙasa, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya sauka a kan kejin. Ta ja da baya har ta bugi ƙofa. "Innalillahi! Ummi, da wannan abar kike kwana? A fitar da ita yanzun nan!" To, wa zai fitar? Baba yana bakin kogi wajen sarin kifi, Kawu yana Utai, maƙwabciya ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba ta taɓawa. Inna ta miƙa hannu ta janye, ta sake miƙawa ta janye. Ta tsaya tana duban shukokin da suka karkace wajen taga, ta dubi abar da ta rame a kan reshe, sannan ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Da ta yi magana muryarta ta sauka. "Ɗauki ki fitar da ita da kanki. Sa takalmi."

Haka na fito tsakar gida rungume da keji, ido na hawaye saboda haske, Inna na bina da bargo. Na zauna a kan turmi da aka kifa. Ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, kaji na tono a gindin rijiya. Muna zaune hawainiyar ta fara washewa, baƙin ya bi jiki ya tafi, koren ya dawo. Inna daga nesa ta ce, "Ikon Allah." Ba ta ce a yar da ita ba. Abin da ta ce shi ne ba za a sake kwana da ita a ɗaki ba, a rataye kejin a rumfa, kuma tunda ba mai taɓawa sai ni, kullum da hantsi in fito in kai shi rana, in hadari ya taso in koma ciki. Yakuwar ta yi kauri har ta yi fure, ni ma na fara cinye tuwona.

Wajen ƙarshen damina na tarar da ƙofar kejin a buɗe, ba hawainiya. Na yi kukana a ɓoye, na ja bakina na yi shiru, don in an sani fitata ta ƙare. Na ci gaba da kai kejin rana, Inna na bina da bargo kamar kullum, ina yayyafa wa ganye ruwa, har da ajiye ɓawon mangwaro. Sai da na yi aure na haihu, wata rana muna tsinkar zogale, Inna ta ce mini ai a gabanta hawainiyar ta fita, ta bi igiyar shanya ta haye katanga. Na ce, "Inna, kika yi shiru?" Ta ce, "To in na faɗa, da wane dalili zan bar ki ki fito?"

Yanzu a Kano nake, a bene, tagogina manya, ga tukwanen fulawa a baranda da ba wanda ya hana su rana. Inna ta rasu, farantin yana wurina, har yau ban ci komai a kai ba. 'Yata lafiyarta ƙalau, amma duk da haka in hadari ya haɗu sai in tsinci kaina ina rufe tagogi ina ƙwala mata kira. Wani lokaci nakan tsaya da hannuna a kan sakata, in tuna da matar nan mai bargo a hannu, tsoro fal cikinta, tana kallon 'yarta ta rungumi kejin da ba kowa a ciki. Sai in bar taga ɗaya a buɗe.