Mai Sharar da Ya San Takun Tsofaffinmu

Shekara ashirin da shida Baba Mai Shara yana share layinmu. Kafin rana ta ɗaga ya turo baronsa, ya fara daga famfo ya ƙare a bakin asibiti. Mu masu saurin zuwa aiki iyakarmu da shi "sannu Baba". Mun ɗauka shara kawai yake yi.

Watan jiya ya ajiye aiki saboda ciwon baya. Kwana tara da tafiyarsa mahaifiyata ta faɗa kwata ta karye a hannu. Ciwon sukari gare ta, likita ya ce ta riƙa tattaki kullum, kuma shekara shida tana bin layin ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba. Na je na tarar da ramin a buɗe, na tambayi mai facin taya da ke wurin wa ya sace murfin.

Ya ce, "Wane murfi? Ai katakon Baba ne. Da safe ya ɗora, in tsofaffi sun gama wucewa ya ɗauke kada mota ta fasa."

Ya nuna mini bencin gindin bishiya, ashe Baba ne ya haɗa shi. Kututturen gaban kantin magani ma shi ya mirgino, don wani tsohon direba na layinmu ba ya taku ɗari bai zauna ba. Tsofaffi goma sha ɗaya ke fitowa a da, yanzu saura uku.

Na tambayi Inna me ya hana ta bin babban titi. Ta ce, "Can babura su kwashe ni? Nan akwai inuwa, akwai wurin zama, akwai wanda in bai gan ni ba zai buga ƙofa."

Na kai wa Baba labarin. Ya ce, "Ƙafar hagu take ja, ɗana. Ku sa katako mai faɗi."

Baba, kai ne ka ƙirga takun iyayenmu, mu da muka fito daga cikinsu ba mu ƙirga ba. Kunya ta kama mu. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya. Ku kuma masu karatu, gobe ku bi tsohon da ke gidanku a ƙafa, a hankali, ku ga inda yake tsayawa da abin da ke tsayar da shi.