Fuskar da Ke Gonar Maikano

Maikano mutumin wani ƙauye ne a gefen Tsanyawa, inda gonaki suka matsu da juna har in ka yi atishawa a taka maƙwabci zai ce maka sannu daga tasa. Hawan jinin ido ya ɗauke masa gani yana da shekara hamsin da bakwai, amma taurin kansa ko gezau bai yi ba.

'Yarsa Keziah, ma'aikaciyar jinya a Ungogo, ta so ya koma wurinta. Ya ce gawarsa ce kaɗai za ta bar gonar ubansa. Da ƙyar suka daidaita. Ta saya masa waya, ta kunna masa muryar nan da ke karanta wa makafi duk abin da yatsa ya taɓa, ta ce kullum in ya isa gona ya ɗauki hoton dawa ya turo mata. Ranar da ta gane ba ya iya zuwa shi kaɗai, ranar zai haɗa kayansa. Ɗan Turancin firamare da ya rage masa ya ishe shi jin muryar, wadda ya raɗa wa suna Baturiya.

Wata biyu abin yana tafiya lafiya lau. Har cika baki yake bayan sujada a coci, wai ko ƙaya ba ta taɓa sukarsa a hanya ba.

Wata safiya a tsakiyar damina, dawa ta kai kafaɗa, ya ɗaga wayar zai ɗauki hoto. Baturiya ta ce akwai fuska ɗaya a gabansa.

"Sannu da aiki," in ji Maikano.

Shiru.

"Wane ne a nan?"

Ba tari, ba motsin ƙafa, sai ganyen dawa da ke goga juna. A ƙauyen nan ko ɓarawo ka gaisar zai amsa. Abin da ba ya amsa gaisuwa kuwa, kakannin Maikano sun san sunansa, kuma shekara arba'in na zuwa coci ba su goge masa wannan sani ba. Ya karkatar da wayar har Baturiya ta ce babu fuska, ya ɗauki hoton ya tura.

Washegari fuskar tana nan. Jibi ma haka, yau a hagu, gobe a tsakiya. Ya kai mata duka da sanda, kara kawai ya karya. Tuwo ya daina shigar masa. Ba shi da wanda zai gaya wa, don maganar ƙauye kan riga mota isa Ungogo. Ya tura hoton fuskar kuma? In babu kowa a ciki, Keziah za ta ce kai ya bi ido. In akwai wani abu, ko kwana ɗaya ba za ta bar shi ya ƙara ba.

A rana ta goma sha ɗaya tsoro ya fi ƙarfinsa. Fuskar tana tsakiya ya danna, ya tura, ya zauna a kan kunyar gona. Bai daɗe ba wayar ta yi ƙara.

"Baba, ka san wanda ka ɗauka?" in ji Keziah.

"Mutum ne?"

"Baffa Zakariya ne."

Zakariya ƙanin Maikano ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce sun yi rigima kan iyakar gona, Maikano ya kira shi ɓarawo a tsakiyar kasuwa. Zakariya ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse bakinsa ba zai sake yi wa wansa magana ba har kabari. Bai kuwa sake ba.

"Reshen ƙaya ne a hannunsa, Baba. Yanzu na kira matarsa. Ta ce tun ranar farko shi yake shiga gabanka yana share hanya, shi ya rufe tsohuwar rijiyar bakin hanya da itace. Ashe ba kai kaɗai kake zuwa ba. Asabar zan zo da mota."

Kunya ta rufe Maikano, ta fi masa tsoron ciwo. Ya sake ɗaga wayar. Fuska ɗaya, a tsakiya.

"Zakariya, ka ji ta. Asabar za a tafi da ni. Maganar iyakar nan kai ne da gaskiya, na sani tun a ranar. Ban ce ka karya rantsuwarka ba."

Shirun ya yi tsawo har ya fara tunanin Baturiya ƙarya take yi. Sai ya ji an ɗaga bakin sandarsa daga ƙasa, an ja shi a hankali wajen kunyoyin da ba a nome ba.

Ranar Asabar Keziah ta tarar da tsofaffi biyu a gona, ɗaya sai surutu yake, ɗaya yana noma bakinsa a rufe. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu. Motar ta koma Ungogo ba tare da Maikano ba.