Agwagwa da Takalmin da Tela Ta Auna

Ranar da aka haifi ɗan gwaggonmu, ungozoma ta dubi ƙafarsa, ta dubi uwarsa, ta ce, "Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, wannan dai ba zai taɓa nutsewa a ruwa ba." Daga nan sunan Agwagwa ya manne masa, har ya yi furfurar gemu bai rabu da shi ba. Ƙafa ce faffaɗa kamar faranti. In ya taka laka da damina, kaji kan yini suna shan ruwa a sawunsa.

A gidan burodi yake aiki, tsaye a gaban tanda daga asuba har la'asar, ya zura tire ya zaro tire. Mutum ne mai sanyin hali. Ko ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Gudu kuwa a bakin aiki ya tsince shi. Wata rana motar rabon burodi ta tashi ta bar tire guda, ya sungume shi a ka ya bi ta a guje. Direba yana hangen sa ta madubi, ya ɗauka ɓarawo ne ya sato burodi ake kora, sai ya ƙara wuta. Agwagwa bai tsaya ba har sai da mota ta tsaya, can bayan gari. Ya sauke tire ya ce, "Kun manta wannan." Ko haki ba ya yi. A ranar ya gano abin da Allah ya ba shi: ba shi da sauri, amma numfashinsa ba ya ƙarewa.

Tun daga nan, in ya tashi aiki ya karkaɗe fulawa, sai ya bi kwalta. Takalma biyu ya ajiye. Akwai na atisaye, mai nauyi, mai kaurin tafi, wanda ke shanye dukan kwalta kullum, shi ya sa wa suna Jaki. Akwai na tsere, marar nauyi, samansa raga ce, in iska ta taso sai ka danne shi da dutse. Wannan shi ne Barewa, kuma ba ya fita sai ranar girma.

Masu sayar da takalmi a kasuwa in suka hango shi, wasu fitsari ke kama su. Ba ya zuwa da safe. Sai ya yini a tsaye ƙafa ta kumbura ta kai iyakarta, sannan ya taho da safarsa ta gudu a aljihu. Ya sa takalmi, ya ɗaure igiya, ya miƙe, ya danna babban yatsan hannu a gaban babban yatsan ƙafa. In yatsan bai kwanta a wurin ba, sai ya cire. Ya lanƙwasa shi ya ga inda yake karyewa. Ya zura hannu ciki yana laluben ɗinki kamar mai neman allura a katifa. Sannan ya ruga zuwa ƙarshen layi ya dawo, mai shago na biye da shi da ido, zuciya a hannu.

"Malam, takalmi za ka saya ko aure za ka nema?" in ji wani mai shago.

"Wanda za ku yi doguwar tafiya tare ai sai an bincika halinsa," in ji Agwagwa, ya miƙa hannu a ba shi wani.

Duk wannan iyayi, abu ɗaya ya gagare shi: babban gudun fanfalaki da ake yi shekara-shekara, wanda ake zaga gari har a gaji da ganinsa. Ya shiga, cinyarsa ta ɗaure, aka kwaso shi a motar jinya. Ya sake shiga, bororo ya fashe masa a dunduniya, ya ƙarasa gida a bayan babur. Dangi kuwa ba su da tausayi. Duk taron da aka haɗu sai wani ya tambaye shi ko bana a jirgi za a dawo da shi. A bana sai ya dafa kan autarsa ya ce da ƙafarsa zai tsallake layin ƙarshe, ko da an kwashe kujeru an share wuri.

Ana cikin haka Barewa ta mutu. Tafinta ya ɓare yana lakaf-lakaf kamar bakin kada, ga tsere ya matso.

Matarsa tela ce, kuma a layinsu ba a kiran ta da komai sai Tela. Mace ce mai alfahari da tef ɗinta. In ta auna ka, riga za ta zauna maka kamar da ita aka haife ka. Ta ga mijinta ya zauna ya tasa gawar Barewa a gaba yana tagumi, tausayi ya kama ta, ta ƙudura za ta ba shi mamaki. Ranar hutunsa da hantsi, ya miƙe a kan tabarma yana minshari, ƙafafu sun huta sun saɓe, ta lallaɓo da tef ta auna tsawo, ta auna faɗi, ba ta ƙara ko silin gashi ba. Ta nufi babban kanti mai gilashi, ta sa aka zube mata takalma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tef har ta samu wanda ya yi cif.

Da yamma aka kawo kwali gaban Agwagwa, yara sun kewaye shi. Ya buɗe. Takalmi ne ruwan lemo, yana sheƙi har sai ka kare ido, ba nauyi ko kaɗan. Ya zura ƙafa. Yatsunsa suka haɗu wuri guda kamar fasinjojin bayan mota ranar kasuwa.

"Yaya, Baban Auta?" in ji Tela, tana murmushi har kunne.

Ya dubi fuskarta. Ya dubi idanunta da suka yi ja saboda ɗinkin da ta yi ta yi ba hutawa kafin ta iya sayen wannan abu.

"Kamar da shi aka haife ni," ya ce.

"Ai na sani. Tef ɗina ba ya ƙarya."

Nan take yara suka ja shi waje ya taka a gani, ya taka ƙasa, hanyar mayarwa kanti ta rufe.

Ba abin da bai yi wa takalmin nan ba a ɓoye. Ya cusa masa jiƙaƙƙiyar takarda. Ya tura masa kwalba. Ya kai shi gidan burodi ya ajiye kusa da tanda ko zai saki jiki, har abokan aiki suka tambaya ko sabon samfurin burodi ne. Takalmi ya ce shi dai yadda aka yi shi haka yake. Ya gwada gudu da shi sau ɗaya, kafin ya kai gada farcen babban yatsa ya fara baƙi.

Sai ya ɓullo da dabara. Kullum ya fito daga gida cikin ruwan lemo, yana ɗaga wa Tela hannu, yana murmushi, ciki kuwa wuta. Yana shan kwana sai ya faɗa rumfar mai facin taya, abokinsa, ya cire ya sa Jaki da ya ɓoye a can, ya tafi atisaye. In ya dawo ya sake sauyawa, ya ɗingisa zuwa kwana, daga kwana ya miƙe ƙirji ya shiga gida.

"To ranar tsere fa?" in ji mai faci. "Madam za ta tsaya a bakin hanya da 'ya'yanta. Jaki za ta gani ko ruwan lemo?"

Abin da ke hana Agwagwa cin abinci ke nan. In ya sa kyautar matarsa, babur zai sake kawo shi gida. In ya sa Jaki, ya tsinka ta a gaban jama'a.

"Ka gaya mata mana."

"Kai ka gaya mata."

"Ni? Ina da iyali," in ji mai faci.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata yamma bel ɗin keken ɗinki ya tsinke, Tela ta fito neman ɗan guntun roba a wurin mai faci. Tana ɗaga kai sai ga ruwan lemo a rataye tsakanin tsofaffin tayoyi, yana lilo a iska. Mai faci ya tsoma kai cikin bahon ruwa yana neman hujin da babu. Ta sauke takalmin, ta ja benci ta zauna, ta ɗora shi a cinya.

Can sai ga Agwagwa ya taho cikin Jaki, gumi na zuba. Ya gan ta. Mutumin da mota ba ta sa shi haki ba, nan take numfashinsa ya ƙare.

"Sannu da zuwa, Baban Auta. Ashe takalmin nawa hutawa yake yi a nan."

"Maman Auta, wato... ina tattalin sa ne."

"Cire safarka."

Ya cire. Ta ga farcen. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zaro tef daga wuya, don ko makabarta za ta je da shi take zuwa, ta durƙusa a gaban jama'ar layi ta auna. Ta sake aunawa. Ta karkaɗe tef ɗin ta kuma aunawa.

"Wannan ba ƙafar da na auna ba ce!"

"Ita ce wallahi, ba ni da wata."

"Ta ƙaru!"

"Haka take yi. Da safe ƙafar mutum ce, da yamma ta Agwagwa. In aka yi nisa a gudu kuwa sai abin da ya ci gaba. Shi ya sa ake barin wurin yatsa guda a gaba."

Tela ta miƙe ta riƙe ƙugu. "To ka gani, tef ɗina bai yi ƙarya ba, ƙafarka ce mai baki biyu. Kuma kai da bakinka ka kasa faɗa min? Ni da ko wandon yaro zan ɗinka sai na bar masa wurin girma? Ka bari farce ya mutu saboda kunya?"

"Na ga kin sha wahala ne."

Ta juya ga mai faci ta ce, "Kai kuma mai ajiyar kayan amana, fito da kanka daga ruwa kar ka nutse."

A gida ta ce a miƙo mata reza da gawar Barewa. Da Agwagwa ya ga reza ta doshi sabon takalmi sai ya rufe ido yana salati. Ta tsaga shi ta gefe biyu, ta tsaga saman babban yatsa. Ta yanko raga daga jikin tsohuwar Barewa, ta sa shi ya zura ƙafar tana kumbure, ya tsaya a kai, ta zana da alli. Sannan ta ɗauko basilla da zaren da take ɗinkin jaka da shi, ta yi wa takalmi ƙari, ta mayar da kowane ƙulli waje don kada ya goge shi.

Abin da ya fito ba kyau. Ruwan lemo da faci ruwan toka, gefe ya buɗe kamar kumatun mai cin ƙwai a ɓoye. Agwagwa ya sa, ya motsa yatsu, suka motsa dukansu. Ya ruga ƙarshen layi ya dawo.

"Yaya? In ka ce min kamar da shi aka haife ka, sai na kwaɗa maka almakashi."

"Na hagu yana ɗan cizo ta nan."

"Yauwa. Haka ake magana. Cire."

Sauran kwanakin kullum ya fita da shi ya dawo da ƙara, ita kuma ta farke ta gyara, har takalmi da ƙafa suka daina gaba.

Ranar tsere mutane kamar ƙasa. Masu takalma na gani na faɗa suka yi ta kallon ƙafar Agwagwa suna taɓa juna. Aka busa usur, suka tashi kamar an sako su daga kurkuku, suka bar shi yana tafiyarsa tiƙis-tiƙis. Ya wuce inda cinyarsa ta taɓa ɗaurewa. Rana ta take. Ya wuce inda bororo ya taɓa kayar da shi, ya fara tarar da masu dariyar a gefen hanya, wani ya cire takalmi yana fifita ƙafa, wani yana jiran motar jinya. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa sannu. Ƙafa ta kumbura yadda ta saba, ragar Barewa ta buɗa mata.

Wanda ya zo na ɗaya ya riga ya yi wanka ya yi barci ya tashi. Amma ba a kwashe kujeru ba tukuna lokacin da aka hango ruwan lemo ya shawo kwana. Auta ta fasa ihu. Dangi da suka zo da babur musamman don ɗauko shi suka rasa inda za su sa fuska, sai suka hau tafi. Da ƙafarsa ya tsallake layi.

Ya buɗe hannu ya nufi Tela. Ita kuwa ta wuce hannun, ta durƙusa, ta kama takalmin tana bin ɗinki da yatsa, dama da hagu.

"Ko zare ɗaya bai tsinke ba," ta ce. Sannan ta ɗago. "Cire in ga farcen."

Ya zauna a gefen kwalta ya cire. Faratan suna nan dukansu, har da mai baƙin.

"Sannu, Baban Auta," ta ce, ta miƙa masa ruwa. "Baɗi da yamma za mu je kasuwa, ni da kai da tef."

Labari ya kai layin masu takalmi, kuma an ce tun daga ranar wasu suka fara tunanin komawa sayar da hula.