Ni da Ɓerayen Fanka, Daga Ushafa Zuwa Masaka

Karmo, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallar asuba na tayar da motar Baba. Ku 'yan gida da kuke ta bugo waya daga Funtuwa kuna tambayar abin da ya same ni ranar Litinin, ga shi na rubuta muku tiryan-tiryan, don har yanzu ba na iya ba da labarin da baki.

Kun san tun da idon Baba ya yi hazo ya ajiye tuƙi. Wata biyar motar tana fake a bayan gida, jikin shagon mai sayar da masara. Aikin Baba na shekara da shekaru shi ne ɗauko tukwane daga Ushafa ya kai wa Madam Rahila, wata 'yar Filato mai shagon tukwanen fure a Masaka. Shi ya koya mini mota tun ina aji biyar na sakandare, bara kuma na karɓi lasin. Sai ga maƙwabcinmu Ɗanliti ya matsa lamba a ba shi motar ya riƙa kabu-kabu da ita. Baba ya yanke magana: in je sau ɗaya, ni kaɗai. In kaya sun isa, mota ta dawo lafiya, hanya ta zama tawa. In ba haka ba, washegari Ɗanliti ya karɓi makulli.

Ranar Lahadi an caja batir, an canza baƙin mai, an ƙara wa tayoyi iska. Abin da ba wanda ya duba shi ne fanka, wadda ke hura iska cikin mota. Ina fita layinmu na kunna ta, sai na ji tana kar-kar-kar, ga wani zarni mai hawa kai. Na kashe, na sauke gilasai, na ce ai zama ne ya yi mata yawa.

Kubwa zuwa Dutse, shida da minti goma

A hanyar Kubwa na tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya ya leƙo, ya dube ni, ya dubi kujerar baya.

"Madam direba! Ina oga?"

"Ni ce ogan, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya duba takardu, ya ce in wuce. A mahaɗar Dutse na tsaya na sayi koko da ƙosai na ɗari biyar, na ci a cikin mota. A nan na fara lura da wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kan tabarmar ƙafa. Na san kashin ɓera in na gan shi. Na kakkaɓe, na kama hanyar Bwari.

Ushafa, bakwai saura kwata

Kimanin kilomita talatin daga gida. Mama Tani, dattijuwar Gbagyi da Baba ya daɗe yana ɗaukar kaya a wurinta, ta riga ta jera tukwane ashirin da huɗu a ƙofar gida, manya takwas, sauran ƙanana. Ta tambayi idon Baba, sannan ta buɗe ƙofar baya za ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Sai ta tsaya, ta shaƙi iska.

"Yarinya, wannan motar akwai ɓera a cikinsa. Ba ɗaya ba ne ma."

Na faɗa mata ƙarar da fanka ke yi. Ta ce wannan ba abin damuwa ba ne, yadda suke korar ɓera daga rumbun dawa haka za a yi. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta watsa busasshen barkono cike da hannu biyu, ta ajiye a ƙasan kujerar mai zaman banza. Ni da kaina na ƙara da tawa dabarar: na ce bari in kunna fanka don hayaƙin ya ratsa ko'ina. Muka rufe ƙofofi muka ja da baya.

Ba a yi minti biyar ba ɓeraye biyu suka diro ta ƙarƙashin injin, suka shige ciyawa. Matan da ke murza yumɓu a gefe suka sa guɗa. Mama Tani ta daki ƙirji: "Ka gani? Maganin kakanni!" Muka buɗe mota ta sha iska rabin awa, muka jera tukwane, kowace an naɗe ta da ciyawa, manya a but, ƙanana a kujerar baya. Takwas da kwata na tashi, gilasai a sauke, fanka a kashe, raina fes.

Gangaren Kugbo, tara da minti ashirin

Tun daga Katampe hadari yake haɗuwa. Ina wuce Asokoro ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Dole na ɗaga gilasai. Nan da nan gilashin gaba ya yi gumi ta ciki, waifa na aiki amma ba na ganin komai sai jan fitilun motar gabana. Ga ni a kan gangaren nan da kowa ya sani, motoci layi uku, tanka na bina a baya. Na goga da bakin hijabi, ya sake rufewa. Sai na miƙa hannu na murɗa fanka har ƙarshe.

Abin da ya fito ba iska ba ce. Ƙura ce da guntayen soso da ɓawon gyaɗa, duk sun sha barkono sun ƙoshi, suka watsu a fuskata. Idanuna suka rufe ruf. Tari ya sarƙe ni. Ina cikin wannan na ji wani abu mai ɗumi ya faɗo mini a kan ƙafar dama, ya kama zanena yana hawowa.

Na yi ihu, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Na kira sunan Allah, na kira Inna da ta shekara shida a ƙasa. Tankar nan ta danna wani irin ham da har yau nake jin sa a kunnena. Amma hannuwana ba su saki sitiyari ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, na danna fitilar haɗari da lalube, na sauke gilashina ruwa ya feso mini a fuska. Da ido ɗaya a ɗan buɗe na riƙa taɓa burki kaɗan-kaɗan, ina karkata dama, har na ji taya ta hau tsakuwa. Na ja burkin hannu, na buɗe ƙofa, na yi waje ina kakkaɓe zane. Ɓeran ya dira ya shige kwalbati. Tankar ta wuce, iskarta ta girgiza motar.

Na tsuguna a cikin ruwan nan ban san ko minti nawa ba, ina wanke ido da ruwan sama.

Garejin Kugbo, goma saura kaɗan

Wani bakanike da ke fake a rumfa ya gan ni ya tsallako da leda a kansa. Sunansa Oga Bitrus, mutumin Kafancan. Shi ya tuƙa motar zuwa rumfarsa, yana atishawa tun daga titi har can.

"Sista, miya kike dafawa a ciki?"

Na ba shi labarin kasko. Ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, ko da yake rabin hawayen na barkono ne.

"Haba! Wannan mota ne, ba rumbu ba ne. Rumbu in ka yi hayaƙi, iska ya kwashe. Nan kuwa gidan ɓeran ne ya shanye barkonon, yana jiran ki kunna."

Ya cire akwatin gaban mai zaman banza, ya kwance noti uku, ya zaro fankar. A cikinta da bayanta akwai sheƙa mai girman kwanon tuwo: soson kujera, tsoffin takardu, zaren masara, ga jarirai huɗu jajaye ba gashi. Wadda ta hau ni ashe uwarsu ce, ta ƙi fita da hayaƙi saboda su. A can ƙasan akwatin kuma ya zaro wata leda da aka huda, da ragowar gyaɗa. Gyaɗar Baba ce, wadda yake taunawa a hanya don kada barci ya ɗauke shi.

"Ga abinci, ga ɗaki, ga masara a maƙwabta," in ji Oga Bitrus. "Ko ni ne ba zan tashi ba."

Na ce ko in sayi maganin ɓera in zuba. Ya ce kul, in ya ci ya mutu a cikin bututu, sai na yi wata uku ina shaƙar mushe. Ya hana ni kakkaɓe ƙurar a bushe, ya ce tana sa ciwo. Muka ɗaure hanci da ƙyalle, ya jiƙa wurin da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, muka goge da tsumma, ya wanke fankar da sabulu ya shanya. Sannan ya buɗe bonet ya nuna mini ramin da iska ke shiga, a gindin gilashin gaba. Ta nan suke shigowa. Ya karɓo guntun ragar waya a wurin kafintocin da ke gefe, ya yanka daidai ramin, ya ɗaure tam. Aikin ya ci awa biyu da rabi.

Da ya gama ya miƙo mini makulli. Na tsaya ina kallon makullin. Ya ce in ina so zai kai ni Masaka, in biya masa kuɗin motar dawowa kawai. Wallahi saura kaɗan in ce to. Amma Baba cewa ya yi ni kaɗai. Na karɓa, na shiga, na kunna fanka. Iska ta fito, mai warin bilic, ba ƙara.

Masaka, biyu da rabi

Daga Kugbo zuwa Masaka bai fi kilomita ashirin ba, amma cunkoson Nyanya da Mararaba ya cinye mini awa biyu. Duk abin da ya taɓa ƙafata, ko bakin zanena ne, sai na zabura. A Ado na sayi gasasshiyar masara, ban iya ci ba.

Madam Rahila ta fito da kanta aka sauke kaya. Ƙanana biyu sun fashe, lokacin da na hau tsakuwa ke nan. Ta dubi jajayen idanuna.

"Yarinyar Malam, wa ya dake ki?"

Da na faɗa mata ta ɗora hannu a ka tana "Yesu!" Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo shinkafa da wake da ruwan sanyi, ta ba ni wuri na yi sallah. Batun tukwane biyu kuwa ta ce ko Baba yakan fasa uku, kada in bari ya yi mini cika baki.

Karmo, shida saura minti goma

Na tarar da Baba a kan benci a ƙofar gida, Ɗanliti na gefensa wai ya zo gaisuwa. A hanya na yi ta tunanin in ce lafiya lau kawai, tunda Baba ba zai ga idona ba. Amma da na durƙusa gabansa sai na kwashe komai na faɗa, har da cewa ni na kunna fanka a kan hayaƙin.

Ɗanliti ya gyara zama. "Ka ji ko, Malam? Da yanzu wani labarin ake yi."

Baba bai kula shi ba. Ya juyo wajena.

"Da idonki ya rufe, me ƙafarki ta yi?"

"Na ɗaga daga totur, Baba."

"Burki fa?"

"Kaɗan-kaɗan. Akwai tanka a bayana."

Sai ya ce in kama hannunsa in kai shi gaban mota. Na buɗe bonet, ya shafa ragar nan da yatsunsa, kusurwa-kusurwa, ya ja ta ya ji ba ta motsi.

"Ɗanliti," ya ce, "sai ka nemi wata. Wannan tana da direba."

Alhamdu lillahi da Ya dawo da ni gida da raina da idanuna. Na gode wa Oga Bitrus, na gode wa Madam Rahila, har Mama Tani ma na gode mata, don da zuciya ɗaya ta yi. Ku kuma na gode da addu'a, ku ƙara. Ranar Alhamis akwai wasu tukwanen, kuma hanyar Masaka guda ɗaya ce, ta gangaren Kugbo take bi. Biyar da rabi zan tashi.