Muryar Tsohon Makaɗin Noma

Na yi aiki da muryoyi da yawa a ɗan studiyona da ke Dakoro, amma akwai wadda ko tsufa ya ci ƙarfina ba za ta fita raina ba. Muryar wani tsohon makaɗin noma ce daga wajen Birnin Lalle.

Babban ɗansa ne ya kawo shi a kan babur, da gangarsa a rataye. Ciwo ya kama tsohon a maƙogwaro, an sa ranar yi masa aiki a Maraɗi, kuma likita ya gaya musu muryar ba lalle ta dawo ba. Shi ya sa suke so a ɗauki waƙoƙinsa tun da sauran dama. Muka ɗauka, yana yi yana hutawa yana kurɓar ruwan ɗumi.

Ɗauka ba ita ce wahalar ba. Aikin yana wurin gyaran ƙarshe a kwamfuta, inda ake daidaita ƙarar ganga da ta murya, a rage hayaniya, a ɗaga sauti yadda zai fito ko a ƙaramar salula. Nan ɗan ya ja kujera ya zauna mini a ka.

"Malam, ka cire wagga kakkarwa. Ka sa mishi amon nan na waƙoƙin zamani, kar a yi muna dariya."

Raina bai so ba, ni kuwa ba na iya ɓoye fuska. Amma na gane tausayi ne ke cinsa, ba ya son jikoki su ji uban nasa a raunane. Na goge numfashi, na miƙe duk inda muryar ta karkace, na zuba amo har ta yi santsi kamar an shafa mata man shanu. A gefe kuma na ajiye wata, wadda ƙararta kawai na ɗaga, na ɗan janye ganga don kalmomi su fito.

Muka kira tsohon, muka kunna masa mai santsin. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Wanga yaro ya iya. Ɗan wa ne? Har waƙata ya koya."

Ba wasa yake yi ba. Ɗan ya sunkuyar da kai, ni ma sai na ji kunya ta rufe ni. Na kunna ɗayar. Da aka zo inda muryar ta karye a kirarin wani manomi da ya daɗe da rasuwa, tsohon ya ɗaga hannu.

"Nan ba ciwo ba ne, ɗana. Abokina ne na tuna."

Ɗan ya share ido da hannun riga ya ce, "Ita za mu ɗauka, Baba."

An yi aikin, Allah ya ba shi lafiya, amma muryar ta tafi, sai raɗa. Da damina na je gayya a garinsu, na tarar an rataye lasifika a reshen gawo, waƙar da muka ɗauka na tashi, manoma na amshi, shi kuma yana zaune a gindin itacen leɓɓansa na bin waƙar.

Tun daga nan na san inda gyara yake tsayawa. Duk lokacin da hannuna ya kai ga goge wani abu a muryar mutum, sai na tambaye shi tukuna, don abin da na ɗauka aibi ne wataƙila shi ne dalilin waƙar.